Katin Uwa da Katin Uba

Duk wanda ya yi firamare a unguwarmu ta gabashin birnin Toledo, a Amurka, ya ci abincin hannun Dorinda Pruitt. Ita ce mai riƙe da ludayi a ɗakin cin abincin makaranta, fuska ba fara'a, amma in ta lura yaro bai karya ba sai ta ƙara masa dankali ba tare da ta dube shi ba. Aikin ba ya yi mata daɗi. Tururi ya cinye mata hannuwa, tsayuwa ta kumbura mata ƙafafu. An sha yi mata tayin aiki a gidan burodi tana ƙi, don can ba a ba da inshorar lafiya, ita kuwa tana da Tessa.

Tessa 'yarta ce, shekararta bakwai, tun tana jaririya take fama da ciwon kunne. Bana likita ya ce sai an yi mata aiki, in aka yi jinkiri jin zai iya tafiya ba dawowa. Aka sa rana.

Uban yarinyar, Wendell, direban motar kaya ne. Tun da alƙali ya raba auren ya raba musu renon, mako nan mako can, ba su ƙara haɗa ido ba. Duk Juma'a da yamma sukan haɗu a harabar wani gidan mai, kowa na zaune a motarsa, yarinya ta ɗauki jakarta ta tsallaka. Mu nan wannan muke kira zaman lafiya.

Rana ta matso sai asibiti ya kira, wai an ɗage aikin, inshora ta ƙi amincewa. Dorinda ta laɓe bayan firjin madara ta buga wa kamfanin.

"Madam, yarinyar nan tana da wata inshorar ta wajen mahaifinta," in ji matar da ta ɗauka. "Ba ki faɗa mana ba."

"Ni ma yanzu nake ji a bakinki."

"To, tunda ku biyu kuke renon kuma kotu ba ta ware kowa ba, wanda ranar haihuwarsa ta riga zuwa a shekara, tasa ce a gaba. Shi Fabrairu, ke Nuwamba."

"Wato don uwarsa ta haife shi cikin sanyi, shi ne 'yata za ta kurmance?"

"Ni dai ƙa'ida na faɗa miki."

Ta kira kamfanin inshorar Wendell, suka ce su ma sun dakata sai mai katin ya yi musu bayani da bakinsa, ita ba su san ta ba. Kati biyu ga yarinya ɗaya, kowanne na nuna ɗan'uwansa da yatsa. Haushi ya kama Dorinda, amma tsoro ya fi yawa. Ran nan ta yi ta kiran Tessa daga kicin, yarinya na zaune tana zane, ko waiwayowa ba ta yi ba.

Da Juma'a ta zo, sai Dorinda ta fito daga mota ta ƙwanƙwasa gilashin motar Wendell.

"Wendell, wa ya aike ka? Ka sa ta a inshorarka ba ka gaya wa kowa ba."

"Ta ina zan gaya miki? Ke da kika toshe lambata." Ya sauko yana sosa ƙeya. "Ji na yi za a rage ma'aikata a makarantarku. Na ce kada a wayi gari yarinya ba ta da komai."

Mako guda Dorinda ta yi tana tanadin baƙaƙen maganganu, amma da ta ji haka sai ta ajiye su. Abin da ya sa ta jure tururi, shi ya sa shi wannan wautar.

"To, malam mai hangen nesa, kira su yanzu ina tsaye."

Ya ɗora wayar a kan motar, suka tsaya suna jin kiɗan jira, Tessa a tsakaninsu rungume da jakarta. Da aka ɗauka ya yi bayani, ita tana gyara masa. Aka ce za a duba, amma sai an sake neman wata ranar a asibiti, layin kuwa da tsawo. Nan suka dasa musu, ita ta ce laifinsa ne, shi ya ce nata ne, suna yi ƙasa-ƙasa don kada yarinya ta ji.

Tessa ta ja rigar uwarta, idonta na kan leɓunansu.

"Mama, ku ɗaga murya mana. Na daɗe ina so in ji kuna magana da Baba, amma ban ji ko kalma ɗaya ba."