Ranar da Ɗana Ya Hau Motar Albasa

Shekaru sun fara share mini abubuwa da yawa, har wani lokaci sai na tsaya ina lalube kafin in tuna a wace damina aka yi kaza. Amma abin da idona ya gani a kasuwar albasa ta Aliero, wata rana cikin bazara, ba na jin zai bar zuciyata sai ranar da aka rufe ni da ƙasa.

Ni manomi ne daga wajen Dangamaji. Gero da dawa da damina, albasa da rani, haka na tarar iyayena suna yi. Cikin 'ya'yana akwai na biyu, wanda tun yana ƙarami ba a kai shi ƙwazo a gona. Wannan ƙwazon ne ya zama ƙofar da bala'i ya shigo. Wata shekara aikin fadama ya yi mana yawa, abokansa suka nuna masa ƙwayar nan tiramol, suka ce in ya sha zai yini yana ban ruwa bai ji gajiya ba. Da farko har yaba masa nake, ban san abin da ke ɗauke da shi ba. Kafin mu farga ya rame, barci ya ƙaurace masa, abu kaɗan sai faɗa. Ranar da ya yanke jiki ya faɗi tsakanin kwamin albasa yana jijjiga, ranar muka san gaskiya.

Ba zan ja labarin jinyarsa ba, don ta yi tsawo kuma ta yi ɗaci. Mun kai shi asibiti a Birnin Kebbi, ya dawo, ya koma wa ƙwayar, muka sake mayar da shi. A karo na biyu Allah ya dube mu. Da ya samu kansa, wata ma'aikaciyar jinya a Jega da ke kula da masu irin wannan lalura ta jawo shi cikin wasu samari da suka daina. Aka koya musu yadda ake zama da wanda ƙwaya ko damuwa ta rikita, yadda ake sauraronsa, da alamun da in an gani sai a garzaya asibiti. Ba likitoci ba ne, kuma ba su taɓa cewa su likitoci ne ba. Abin da suke da shi kawai, sun taka ƙayar da wancan yake takawa. Duk mako sai ya hau babur, yau Jega, gobe Maiyama, yana bin samari a majalisarsu da tashar mota.

A lokacin muna neman masa auren ɗiyar wani Alhaji dillalin albasa a Aliero, mutumin kirki da muka daɗe muna hulɗa. Magana ta yi nisa. Alhajin ya san yaron ya taɓa doguwar rashin lafiya, amma bai san irinta ba. Ɗana ya matsa a gaya masa, ni kuma na ce ya bari a gama kwashe albasa, in ɗauki dattawa mu je mu faɗa cikin mutunci, don magana irin wannan tana son zaure da tabarma. A kan haka muka tsaya.

Ranar da nake ba ku labari, mun kai kayanmu kasuwa da hantsi. Rana ta fara zafi, warin albasa ya cika ko'ina, manyan motocin kudu sun jeru ana yi musu lodi. Ina zaune a rumfar Alhajin muna duba buhuna, ɗana yana gefe yana ɗinke bakin wani da ya kwance, sai muka ji hayaniya ta tashi daga wajen motocin. Mutane suna ta gudu zuwa can, mu ma muka bi.

Wani saurayi ne cikin 'yan dako, an ce daga wajen Maiyama yake, ya haye can ƙololuwar wata mota da aka gama yi wa lodi. Babu riga a jikinsa, zufa tana zuba, hannunsa riƙe da wuƙar da ake yanke igiya. Yana zagawa a kan buhunan, yana kaiwa har baki, yana cewa an turo mutane su kashe shi, duk wanda ya hau sai ya soke shi, in kuma an matsa masa zai diro. Wanda ya san tsayin motar albasa in an yi mata tozo ya san abin da dirowa daga can take nufi. A ƙasa kuwa an cika, wasu na dariya, wasu sun ɗaga waya suna ɗauka, wasu matasa 'yan dako sun fara jifarsa da ruɓaɓɓiyar albasa. Mai motar yana faɗa a sauko da shi ko ta halin ƙaƙa, 'yan banga biyu suna neman gora.

Ban ga lokacin da ɗana ya bar gefena ba. Sai dai na hango shi gaban 'yan bangar yana magana da su a hankali, hannunsa a ƙirji. Daga baya ya juyo ga jama'a ya ce, "Don Allah ku ja da baya, ku bar jifa. Wanga ba mugu ba ne, tsoro yake ji." Wani daga cikin taron ya ce, "Kai kuma a wa? Ɗan ƙwaya ne, a bar mu da shi." Ɗana ya dubi inda nake, na ga idonsa ya sauka kan Alhajin da ke tsaye kusa da ni. Na gane abin da zai yi. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, har wanda ke saman motar, ya ce, "Ni ma ɗan ƙwaya ne a da. Na sha abin da ya sha, na ga abin da yake gani yanzu. Ku ba ni wuri in yi magana da ɗan'uwana."

Ni dai ban iya juyawa na dubi Alhaji ba.

Ya miƙa wayarsa ga ɗaya daga cikin 'yan bangar, ya ce ya kira ma'aikaciyar jinyar nan ya gaya mata halin da ake ciki, a kuma nemo mota ta tsaya kusa. Sannan ya cire takalmi ya kama igiyar lodi. Bai haye gaba ɗaya ba, ya tsaya daidai inda kansa ya leƙa, ya nuna tafin hannunsa. Ina kusa, ina jin su. Ya ce, "Salamu alaikum. Ba ni da komi a hannu. In ka ce in sauka, sai in sauka." Saurayin ya nuna shi da wuƙar, ya ce, "Su anka turo ka." Ɗana ya ce, "Ba wanda ya turo ni. Albasa munka kawo ni da babana, ga shi can mai farar hula. Zuciyarka tana bugu kamar za ta fito, ko? Bakinka ya bushe, kuma duk wanda ka duba sai ka ga kamar da kai yake." Saurayin yana haki ya ce, "Wa ya gaya maka?" Ya ce, "Ni ma haka ta yi mini. In ka yarda in zauna can nesa da kai, ƙafata ta gaji."

Bai ce masa ya ajiye wuƙa ba, bai ce masa ya ji tsoron Allah ba, bai kuma yi masa gardama kan masu son kashe shin ba. Ya dai hau ya zauna a tsakiyar lodin, ya tanƙwashe ƙafa kamar mai jiran abinci. Daga nan ban ƙara jin abin da suke faɗa ba. Na dai ga bakin ɗana yana motsi kaɗan, sauran lokacin yana saurare. Ban taɓa jin lokaci ya yi tsawo kamar wannan ba. Duk addu'ar da na sani na karanta, idona a kan wuƙar. A hankali saurayin ya baro bakin motar, ya matso tsakiya, ya durƙusa, ya zauna. Sai na ga ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa suna rawa, wuƙar ta zame tsakanin buhuna. Ɗana ya sa ƙafa ya ture ta ta faɗo ƙasa.

Har mutane sun fara hamdala, sai jikin saurayin ya sandare, ya kama jijjiga. Ashe abin da ɗana yake gudu ke nan tun farko, shi ya sa ya jawo shi tsakiya. Da a baki ta same shi, da wani labarin nake ba ku. Ya tallabe masa kai, ya kare shi da jikinsa kada ya gangaro, da ta lafa ya juya shi ya kwantar da shi ta gefe. Wasu suka hau da ruwa, wani da madara, wani yana neman cokali a sa masa a baki. Ya hana su duka, ya ce kada a ɗura masa komai. 'Yan dakon da ɗazu suke jifa, su ne suka jeru suka sauko da shi hannu da hannu kamar ƙwai. Ɗana ya shiga motar da aka nemo tare da shi zuwa asibiti, ko takalminsa bai tsaya ɗauka ba.

Na tsaya riƙe da takalmin. Alhaji ya juyo gare ni ya ce, "Malam, ɗanka namiji ne. Amma da kun gaya mini." Na ce, "Gaskiyarka, Alhaji. Shi ya so a faɗa, ni na ce a jira." Bayan 'yan makonni ya aiko cikin girmamawa cewa iyalinsa ba su natsu ba, a bar maganar auren. Ban riƙe shi ba, uba ne, kuma har yau muna ciniki.

Abin ya yi wa ɗana zafi, na gani, don yana son yarinyar. Kwanaki ba ya cin abincin kirki, ni kuma tsoro ya kama ni kada baƙin ciki ya mayar da shi gidan jiya. Abokan aikinsa ne suka riƙa zuwa suna zama da shi, yadda yake zama da wasu. Wata rana muna gyaran injin ban ruwa na tambaye shi ko yana nadama. Ya ce, "Baba, da na yi shiru, ba zai yarda da ni ba. Aure ana sake nema, rai fa?"

Saurayin nan ya rayu. Bai warke dare ɗaya ba, ya faɗi ya tashi kamar yadda nawa ya yi, kuma duk sanda ya faɗi, ɗana yana bin sa har gida. Yanzu ya koma dakonsa, ya yi ƙiba, in ya hango ni a kasuwa sai ya ajiye buhu ya zo ya durƙusa ya gaishe ni. Ɗana ya yi aure daga baya, da wata ɗiyar mutanen Gehuru, kuma shi da bakinsa ya gaya wa mahaifinta komai tun ranar farko. Abin da ban zata ba shi ne yadda iyaye suka fara sallama a ƙofar gidana, manoma da makiyaya, wasu da girmansu, su yi ta kewaye-kewaye kafin su ce, "An ce ɗanka yana jin maganar yara." Da, in an nuna ni, tsoro nake kada a ce ga uban ɗan ƙwaya. Yanzu da kaina nake shimfiɗa musu tabarma in leƙa ciki in kira shi.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, wanda ya faɗa rijiya ya fito ba abin ɓoyewa ba ne, domin shi ya san inda matakan suke. Mu da muke tsaye a baki, iyakarmu ihu da jifa, ko addu'a in mun kyauta. In Allah ya tashi ceton wani, sau da yawa ba ya aiko wanda bai taɓa faɗuwa ba.