Ranar Da Muka Ɗaure Motar Baba

Baba ya yi shekaru yana jan mota tsakanin Shagari da Bodinga, wani lokaci har cikin birnin Sakkwato. Tsohuwar mota ce mai dogon baya, fara a da, amma rana ta dafa ta har ta koma launin koko. Fasinja a gaba, buhunan albasa a but, haka muka taso muka gan shi. Ni ne babban ɗansa, ina koyarwa a wata makaranta a Bodinga, kuma ni ne mai baki a gidanmu. Duk maganar da ƙannena ke tsoron faɗa, ni ake turawa.

Sannu a hankali tuƙin Baba ya canza. Mutumin da a da fasinja ke roƙonsa ya sassauta, sai ga shi masu babur suna wuce shi suna waiwaye. Ya riƙa matso da fuskarsa kusa da gilashi. Wata rana wajen Lambara ya kusa kutsawa cikin garken shanu da rana tsaka, sai da wata mata a baya ta yi salati da ƙarfi sannan ya taka birki. Da labarin ya iso gida, Inna ta kira ni gefe ta ce idon mahaifina ne, ita ta daɗe da sani, don ko allura ta faɗi a da shi ke tsinto mata, yanzu kuwa takalminsa ma sai ya lalluba.

Na same shi da maganar asibiti. Kai, ranar na sha faɗa!

"Idona lahiya lau yake," in ji shi. "Mota ce ta gaji. Ina taka ta ba ta amsawa. In anka sauya mata inji, za ka gani."

Raina ya ɓaci, na ce masa motar ba ta gaji ba. Ya ce yaushe na zama bakanike. A nan ne na tuna da wani abokina da ke koyar da gyaran mota a wata makarantar sana'a a birni. Ya taɓa nuna mini wata na'ura da suke kira daino, wadda ake ɗora mota a kai a auna ƙarfin injinta ba tare da ta motsa daga wurin ba. Na ce wa Baba mu kai ta can. In na'ura ta ce inji ya gaji, mu 'ya'yansa za mu sa masa wani, ya ci gaba da hanyarsa, ba mai sake tayar masa da zancen ido. In kuwa ta ce lafiya lau, to ya ajiye tuƙi. Na yi zaton zai kore ni. Sai ya ce ya yarda, a gaban Inna.

Abokina ya ce ba a kawo mota haka kawai a ɗora. Dole a shirya ta, in ba haka ba na'urar za ta yi mata ƙarya, ko kuma wani abu ya fashe tana tsakiyar gudu. A juye baƙin mai, a sa sababbin filogi, a duba fanbel, kada lagireto ya yi yoyo. Tayoyin gaba su zama iri ɗaya, iskarsu daidai, kuma kada a bar ko tsakuwa ɗaya a maƙale a jikinsu, don in taya na juyawa tsakuwa kan fita kamar daga gwafa.

Muka kai ta garejin wani tsohon bakanike a Bodinga, abokin Baba tun suna samari. Garejin ba komai ba ne illa inuwar dogon yaro da benci da ƙasa da ta yi baƙi ƙirin da mai. Na ɗauka Baba zai zauna a benci ya yi ta mita. Ina! Ya cire babbar rigarsa ya rataye a reshe, ya fara da but. Abin da ya fito daga but ɗin nan sai wanda ya gani: igiyoyi, tsohuwar buta, takalmin wani yaro ƙafa ɗaya, da ɓawon albasa da ya isa a cika kwando. Ya share, ya wanke, ya bar shi a buɗe ya sha iska. Na ce masa na'ura ba ta jin wari. Ya ce shi yana ji, kuma ba zai kai motarsa gaban baƙi da ƙazanta ba.

Daga nan ya tsuguna gaban taya da ƙusa a hannu yana ƙwaƙulo tsakuwa. Na lura ba da ido yake neman su ba. Yatsansa yake bi da shi cikin ramukan tayar, in ya ji tudu sai ya sa ƙusa. Na kau da kai, don abin ya taɓa ni, kuma ban so ya ga na gani.

Bakaniken ya juye mai, ya wanke kafireta, ya ɗaure wata tiyo da ke ɗiga. Da aka zo kan filogi, na tafi bayan motar ina wanke hannu, suna zaton na yi nisa. Sai na ji bakaniken ya rage murya.

"Alhaji, in bar tsoho guda ciki? Injin zai riƙa shaƙewa, na'urarsu ta ce ya gaji. Ba wanda zai sani."

Wallahi jinina ya hau. Na tsaya da sabulu a hannu ina sauraro. Na ɗauka Baba zai yarda.

"Sa mata sababbi dut," in ji Baba. "Wagga mota ba ta taɓa yi mani ƙarya ba. Ba ni sa a yi mata."

Bakaniken ya sa sababbi duka. Da ya gama ya tada ta, ƙarar injin ta fito sumul, ba tari ba shaƙewa. Baba ya dafa bonet yana saurare, kuma na ga a fuskarsa cewa ya ji abin da ni ma na ji. Muka wuce wurin mai faci aka daidaita iska, muka cika tanki, muka koma Shagari.

Ranar gwajin shi ya ja mu zuwa birni, a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai. Na'urar tana cikin wani dogon ɗaki mai rufin kwano. Wasu manyan gangunan ƙarfe ne kwance cikin rami, samansu daidai da daɓe. Aka hau da tayoyin gaba a kansu, aka ɗaure motar gaba da baya da ɗamara masu kauri, aka kafa wata ƙatuwar fanka a gaban lagireto don ta samu iskar da hanya kan ba ta. Abokina ya gaida Baba a durƙushe, ya zagaya motar, ya ce rabonsa da ganin wadda aka shirya haka ya manta. Sannan ya ce, "Baba, ko ku za ku taka ta da kanku? Ba inda za ta je."

Baba ya shiga. Aka ce ya hau giya ɗaya bayan ɗaya, in an ɗaga masa hannu ya danne totur har ƙasa. Tayoyi suka fara juyawa, motar na tsaye cik. Abokina ya ɗaga hannu, ya ga ba a amsa ba, sai ya matsa kusa da taga ya yi kira. Baba ya danne.

Ban taɓa jin motar nan ta yi irin wannan ruri ba tun ina yaro. Kwanon ɗakin ya ɗauki rawa, ɗamarun suka miƙe. Baba kuwa ya jingina da kujera, hannu ɗaya a sitiyari, bai matso da fuska kusa da gilashi ba, don babu abin da zai kaucewa. Murmushi yake yi. Sai da abokina ya buga rufin motar sannan ya ɗaga ƙafa.

Da injin ya mutu, abokina ya duba allon na'urar, ya dube ni, ya rasa ta inda zai fara. Baba ya ce masa ya faɗa kawai. Ya ce ga shekarunta, injin nan ƙalau yake, ƙarfinsa bai ragu da wani abin kirki ba.

Ni da na ci gardama, ban ji daɗi ko kaɗan ba. Baƙin ciki ne ya cika ni.

Baba ya ce alhamdu lillahi. Ya jira aka kwance ɗamarun, aka turo motar waje, ya yi wa ɗaliban da suka taya aikin addu'a ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya kama hannuna ya sa mini makulli a ciki, ya zagaya ta gaban motar zuwa ɗaya ɓangaren. Ya ja ƙofar fasinja, ta ƙi. Ya sake ja, ta ƙi. Duk wanda ya taɓa shiga motar nan daga Shagari zuwa Bodinga ya san sai an ɗaga ƙofar sama kaɗan kafin a ja. Shi kaɗai ne bai sani ba, don bai taɓa shiga ta nan ba.

Ya tsaya da hannunsa a kan marfin, ya juyo wajena.

"To, malam," ya ce, "zo ka koya mani."