Ranar da Inna ta wanke motar kumandan

Maigidana direban kumandan ne, Baturen mulkin Madawa, a shekarun da Turawa ke yaƙi a ƙasarsu. Aikin nan shi ya raba shi da aikin tilas. Wanda duk ba ya aikin bariki, gardi, ɗan sandan kumandan, na iya tasa shi gaba zuwa fasa dutsen hanya, kuma mun ga yadda mutane ke dawowa daga can.

Motar baƙa ce, kumandan kuwa yana son ganin fuskarsa a jikinta. Akwai gwangwanin man gogewa guda da ya rage tun kafin yaƙi, don kaya sun daina zuwa. Na taɓa sa yatsa ciki. Mai ne, amma da gari-gari kamar yashin da aka tankaɗe. Maigida yakan lakato kaɗan a tsumma, ya yi ta murzawa a zagaye, wuri bayan wuri, kuma a inuwa, wai in ƙarfe ya yi zafi man bushewa yake. In ya gama sai tsumman ya yi baƙi ƙirin.

Na ce, "Wanga baƙi dauɗa ce?"

Ya ce, "Fentin ne ka hita."

"Kana cire fenti don fenti shi yi kyau?"

"Na bisa ya mutu. Sai an kankare shi na ƙasa ka haske."

Ban gane ba, na kuma faɗa masa ban gane ba. Ya yi dariya ya ce in koma ga tukunyata.

Da na haihu sai na tafi Tama wankan jego wurin Inna, mahaifiyata. Ina can rangadi ya biyo da kumandan. Aka ajiye mota ƙarƙashin gawon ƙofar gidanmu, kumandan ya hau doki ya gangara duba garake, wato lambuna, maigida ya wuce gaida maigari.

Duk Tama babu mai wanke tasa kamar Inna. Toka, yashin gulbi, soso, sai ka ga tasa tana ɗaukar ido. Kuma a gidanmu baƙo ba ya tafiya da kwano mai dauɗa. To ga surukinta ya zo da abu ya yi buɗu-buɗu da jar ƙasa.

Ina ɗaki ina shayarwa na ji ƙarar kankara. Na fito. Inna na durƙushe gaban ƙofar mota da ƙwaryar toka, tana dirza da ƙarfinta duka. Maigida ya dawo, yana tsaye can jikin danga, ya tuɓe takalmi, ya ba ta baya, gumi na zuba. Tun da aka ɗaura mana aure bai taɓa haɗa ido da ita ba, gaisuwa ma daga nesa yake durƙusawa. Ta ina zai ce mata bari?

Ya yafuto ni, murya ƙasa-ƙasa. "Ce mata ta huta."

Na ce, "Inna, wai ki huta."

Ta ce, "Kunya ce yaka ji. Ce mai ban gaji ba." Ta ƙara yashi.

"Ce mata rana ta yi zahi."

"Ce mai ina cikin inuwa."

Ni kuwa na tsaya tsakaninsu da jariri a kafaɗa, kaina ya ɗaure. Shi ma ai da yashi yake gogewa. Shi ma fenti yake cirewa. Me Inna ta yi da ba ya yi? Kafin in fahimci tashin hankali ne a fuskarsa, ba kunya kaɗai ba, ta ɗauraye ƙofar ta shige gida tana murmushi. Da ruwan ya bushe, wurin ya fito fari-fari, duk zane.

Ya ɗauko gwangwanin ya durƙusa. Ya shafa, ya murza, ya share, ya sake. Zanen ya fara ɓacewa, baƙin ya fara dawowa, har na kusa rangaɗa guɗa. Sai na ga hannunsa ya tsaya. A tsakiyar ƙofar wani abu mai launin toka ya leƙo, bayansa farin ƙarfe. Ashe zane ba ya fita sai an cinye fenti har gindinsa, yashin Inna kuwa ya riga ya kai ƙasa. Gwangwanin ma ya ƙare.

Kumandan ya dawo ya tsaya kan ƙofar, ya tambayi wanda ya yi. Maigida ya ce shi ne. Na buɗe baki, maigida ya harare ni, na rufe.

Makon bai ƙare ba gardi ya tafi da maigida fasa dutse a hanyar Keita. Ya dawo bayan girbi, tafin hannu a tsattsage, da tarin da bai sake rabuwa da shi ba. Na yi fushi da shi, na yi fushi da Inna, na rasa wanda zan ɗora wa.

Inna kuwa har ta bar duniya tana ba jikoki labarin ranar da ta wanke wa surukinta motar Anasara har sai da ta yi haske. In ta fara, maigida na can waje jikin danga yana ji, yana danne tari kada ya katse ta.