Tukunyar ƙarfen jirgi

Maigidana da ƙanensa zubin tukwane suke yi a bayan kasuwar Dakoro: su narka alminiyum, su zuba a ramin yashi, tukunya ta fito. A shekarar da nake magana, ƙanen ya kafe sai ya tafi haƙar zinariya can arewa, inda abokansa biyu suka tafi ba su dawo ba. Maigida ya yi lallashi, ya yi zagi, har mari ya taɓa kai masa a gabana. Ni ma na tsokane shi, na ce wanda ke gudun kunama me zai yi a cikin rami? Bai ko yi dariya ba.

Ana cikin haka wani direban kamyo, babbar motar kaya, ya sauke musu buhu biyu na guntayen ƙarfe daga Yamai. Ya ce wani tsohon jirgin sama na fasinja aka yanka, masu ƙera jiragen sun fito da sababbi, wannan ya zama shara. Maigida ya ɗaga guntu ɗaya, ya ji ba nauyi, sai murna. A lissafinsa, idan aka ji tukunyar ƙarfen jirgi, matan garuruwan Rumbu da Azagor za su yi ta layi, sana'a ta tashi, yaro ya zauna. Na ce masa abin da aka ƙera don ya yi yawo a sama ba ruwansa da tuwonmu. Ya ce in je in ji da murhuna.

Ranar zubin na kai musu fura. Guntayen farko sun narke lafiya a kaskon narki. Da maigida ya jefa wani mai kama da ƙafar kujera, sai kaskon ya yi tsaki, wata farar wuta ta tashi wadda ido ba ya iya kallo. Rumfar karan da suke aiki a ciki ta kama. Ƙanen ya sunkuci bokitin ruwa. Maigida ya yi tsalle ya tare gabansa.

"Kak ka zuba!"

Ruwan ya riga ya bar hannun ƙanen. Kaskon ya fashe. Narkakken ƙarfe ya watsu, ya sami maigida a fuska da ƙirji, rigarsa ta manne da fata. Ya faɗi yana birgima yana tona ƙasa da yatsu. Na ji warin naman mutum, naman mijina. Na haukace, na ɗauki muciyar ƙarfe na dinga dukan ƙanen har sai da aka riƙe ni, shi kuwa ko hannu bai ɗaga ba.

A asibitin Maradi wani makaniki da ke jinyar uwarsa ya gaya mana masu ƙera jirgi suna sa wani ƙarfe mara nauyi wanda idan ya kama wuta, ruwa ƙara masa ƙarfi yake yi. Na tsine musu duka, ko da yake ba su san da mu ba.

Idanun maigida ba su dawo ba. Da muka komo gida, maigida ya laluba ya kama hannun ƙanensa, ya ce ya yafe, idan yana son tafiyar ya tafi.

"In tahi ina, Yaya? Wa za shi ja ka masallaci?"

Maigida ya juya fuska bango. Abin da ya nema ya samu, kuma har yau ban ga ya yi murna da shi ba.