Ɗiyar Farin Lantana

A Gangara, in ka ga mutum da cibiya mai kyau, Lantana ungozoma ce ta yanke ta. In kuwa ka ga mai ƙaton cibi, ita da kanta za ta rantse maka ranar tana kasuwar Gazawa. Bakinta ba ya hutawa, ta san sunan kowa har da na kakarsa. Suna ɗaya ne bai taɓa fita daga bakinta ba, na ɗiyarta ta fari. Haka ta tarar ana yi: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, don kunya. "Waccan" take ce mata.

Yarinyar ta girma, ta yi aure, ta dawo gida goyon ciki. Naƙuda ta kama ta da hantsi, ta shige ɗaki ta cije baki, don mai haihuwar fari ba ta kuka. Lantana na tsakar gida tana sussukar gero, tana jin nishinta. Matar da ta shiga ɗakin haihuwa ya fi a ƙirga, sai ga shi ta kasa ɗaga asabarin ɗakinta, kada a ce ta nuna son ɗiyar fari. Sai da la'asar ta kira maƙwabciya. Kafin a samo raƙumin da zai kai yarinyar wurin likita a Tasawa, jini ya tafi da ita. Ba wanda ya ga laifin Lantana sai ita kanta, kuma abin ya ci ta shekara bakwai.

Shekara biyu bayan samun mulkin kai, wani ɗan majalisa mai suna Mumuni ya zo Gangara. Ya ce matan birni na haihuwa kusa da likita, na ƙauye na mutuwa a hanya, kuma a Yamai ba a yarda da magana sai da takarda. Sunayen matan da haihuwa ta kashe yake so, ko a samu ɗakin haihuwa a Gazawa. Maza suka yi ta kallon juna, aka ce a kira Lantana.

Ta zauna gefen tabarma tana jero su, kowace da gidan mijinta, yana rubutawa. Can ta tsaya.

"Shi ke nan, Inna?" in ji Mumuni.

"Da saura guda. Waccan ta gidana."

"Inna, ba a rubuta waccan. In ba suna, kamar ba a yi ta ba."

Wata tsohuwa ta buɗe baki za ta faɗi sunan a madadinta, Lantana ta ɗaga hannu.

"Bari, Yaya. Na yi mata kunya tana da rai, ga inda ta kai mu." Ta juyo wajen Mumuni. "Rubuta Batulu. Batulu ɗiyata, ni na haife ta."