Bappa Sale da Takalmin Hagu

Duk wanda ya san Bappa Sale, ƙanin mahaifina, ya san usur ɗinsa. Shi ya yi ritaya daga aikin malamin wasanni, usur bai yi ba. Ranar sunan autata da shi ya tsayar da rabon goro, wai baƙin da suka zo daga unguwar Shamaki sun tsallake layi.

Sakandaren unguwarmu ta Dawaki ta roƙe shi ya ci gaba da horar da 'yan ƙwallo, ya yarda bisa sharaɗi: duk wanda ya faɗi jarrabawa zai karɓe masa takalmin wasa. Na hagu kawai. Na tambaye shi dalili.

"In na karɓe biyun mantawa zai yi. Ɗaya kuwa kullum yana kallonsa a bakin ƙofa."

Sai abin ya faɗo kan Umar ɗina, mai ci musu ƙwallo. Ya faɗi lissafi ana gab da wasan ƙarshe na kofin makarantu, malamai kuma suka ce in ya sake faɗuwa zai maimaita aji. Yaro ya daina cin abinci. Na dama fura na tafi roƙo.

Bappa ya shanye tas, ya ce, "Hajara, ta yi daɗi. Takalmi yana nan."

"Bappa, jikanka ne fa."

"Shi ya sa na sa nasa a leda."

Aka buga wasa Umar na benci, aka lallasa su. Iyaye suka yi wa Bappa ca. Ya ce ai ya ga kofin, gwangwani ne.

Washegari bayan la'asar ya zo gidanmu, ya shimfiɗa tabarma, ya kira Umar. "Zo ka koya min lissafin nan, ni ma ban iya ba."

"To tsoho, ni me ya sa aka kama ni?"

"Ni ba na buga ƙwallo."

Kullum haka: Umar ya yi bayani, Bappa ya ce bai gane ba, a sake. Ina madafi ina jinsu, na ɗauka dabara ce. Ashe da gaske yake, har ya koma ga Allah bai gane ba. Umar dai, don yawan maimaitawa, ya ci jarrabawarsa ya wuce aji.

Da aka mayar masa da takalmin, ƙafarsa ta riga ta fi ƙarfinsa. Bappa ya ce wannan kuma ba a sharaɗinsa yake ba.

Allah Ya jiƙan Bappa, Ya haskaka kabarinsa, Ya saka masa da zaman da ya yi a kan tabarmar nan saboda ɗana. Amin.