Tabon Yatsana Ya Bi Ni Abuja

Litinin: Kano zuwa Kubwa

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na fito daga gidanmu a Soron Ɗinki da kwali a ka. Ni baduku ne, karatuna bai wuce firamare ba. 'Yan unguwa ne suka haɗa mana kuɗin mota, don haka dole su ji yadda tafiyar ta kasance, har da abin da ba na so a ji.

Takardun koke ne a kwalin. Sau uku ana zuwa layinmu da igiyar awo a ce an ba da kwangilar kwata, sau uku damina tana kayar mana da katanga. Mun kai ƙara, wanda ya fara binciken aka canza masa wurin aiki. Shi ya sa da aka ce majalisa za ta ji ra'ayin jama'a a Abuja, muka rubuta buƙatarmu: a yi dokar da za ta hana mutum ɗaya cire mai binciken cin hanci don ya taɓo nasa. Kowa ya rubuta suna ya dangwala yatsa. Ni aka ba wa tattara sunayen unguwarmu, na kawo mutum ɗari huɗu da goma sha biyu, na doke mai tattara na Goron Dutse, ina ta hura hanci.

A Ƙofar Nassarawa na tarar da Malama Hadiza, tsohuwar shugabar firamarenmu, wadda ke jagorantar tafiyar. Adaidaita sahu ya kai mu Naibawa, muka yi sallah a tasha. Kujera naira dubu goma sha biyar, kwali kuma aka ce sai ya biya dubu ɗaya kamar yana da rai. Mota ba ta cika ba sai shida da rabi.

Tun kafin a tayar Malama ta gaya wa direba, wani Ɗanlami, cewa motar da take ciki ba a miƙa wa kowa komai a shingen jami'an tsaro. Ya dube ta ta madubi ya ce to Hajiya ta shirya kwana a hanya. Bakwai da arba'in muka wuce Kwanar Ɗangora. Shinge biyu suka kalli furfurarta suka ƙyale mu. Tara da kwata muna Zariya, kusan kilomita ɗari da hamsin daga gida. Na sha kunu da ƙosai na ɗari biyar, kunun kamar an wanke ludayi.

Bayan Zariya ne muka gamu da wanda bai san furfura ba. Ya miƙo hannu, Ɗanlami ya miƙa masa takardun mota. Ya ce a faka, a sauke kaya. Fasinjoji suka yi wa Malama caa, wata mai kai atamfa Kaduna tana cewa a kan naira ɗari biyu za a ɓata mata kasuwa. Malama ta shimfiɗa sallaya a gindin darbejiya ta zauna abinta.

Ni na bi kwalina bayan mota. Mai kakin ya buɗe, ya karanta shafin farko, ya yi dariya. Yana ta buɗe shafuka, sai na ga ya tsaya. Ya kama hannuna na dama ya juya babban yatsan. Akwai tabon wuƙar fata da ya ratsa shi tun ina koyon sana'a.

"Baba, matan unguwarku duk dukawa ne? Kowacce ta yanke a wuri ɗaya."

Ga abin da ya faru. Gidajen cikin gari ba a shiga, iyakata zaure. In na ce a miƙa wa matan gida takarda, sai maigida ya ce, haba Malam Sani, sa musu kawai, ai na yarda. Ni kuma ga gaggawa ga son na fi Goron Dutse. Sai na riƙa karɓar sunaye, in na koma rumfa na dangwala. Mata tis'in da shida, har da matata Rabi, wadda ban ko gaya wa ba. A kowane dangwale ga farin layin tabon nan.

Ya tambaye ni ko Hajiya ta sani. Na ce a'a. Sai ya kalli aljihuna. Jama'a, na ba shi. Dubu ɗaya na dunƙula masa a kan kwalin takardar yaƙi da cin hanci. Nan take ya ce mu tafi. Malama ta shigo mota tana cewa kun gani, in an dage suna gajiya. Ɗanlami ya kalle ni ta madubi.

Sha biyu saura muka ratsa Kaduna. Aikin hanya ya maida mu hannu ɗaya, ƙura da zafi, ga mai atamfa ta sauka ba ta yi mana sallama ba. A Tafa aka tsaya azahar, Malama ta saya mini balangu na kasa ci. Huɗu da minti goma muka isa Kubwa, gidan ƙaninta. Tuwon shinkafa miyar taushe, katifa a falo, ruwan wanka mai ɗumi. Allah ya saka masa.

Talata: Majalisa

Bakwai muka fito, tasi dubu huɗu saboda cunkoso. A ƙofar farko aka ce sunanmu ba ya jeri. A ta biyu yana nan amma an rubuta Katsina. Wani mai kwat ya raɗa mini cewa zai iya gyarawa in na gane. Na juya masa baya, kunya ce ta hana ni, ba tsarki ba. Sai goma da rabi muka shiga.

Wata ma'aikaciya ce ke karɓar koke a tebur. Ta miƙa wa Malama fom ta ce ta sa hannu cewa duk wanda ke cikin takardun nan da kansa ya dangwala, in aka samu ƙarya za a yi watsi da koken duka, kuma ita za a nema. Malama ta gyara tabarau ta cire murfin biro. Matar nan shekara talatin tana koyarwa ba a taɓa cewa ta ɗauki alli ba.

Na riƙe biron.

"Malama, kada ki sa."

A waje, bakin wata bishiya, na gaya mata duka, har da dubu ɗayan. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da na fi samun sauƙi. Ta ce, "Wato jiya kai ka sa aka sake mu, nake ta yabon kaina." Sannan ta ce na buɗe kwalin.

Muka zauna a kan siminti muna bin suna ɗaya ɗaya, ina nuna nawa tana jan layi tana sa hannu a gefe. Muna cikin haka aka kira Kano a lasifika, minti uku da aka ba mu na magana, wanda ta yi wata guda tana shiryawa. Na ce ta je na ƙarasa. Ta ce ba ta ƙara barina da takarda ni kaɗai. Aka kira sau biyu, aka wuce.

Ƙarfe ɗaya muka miƙa ɗari uku da goma sha shida. Ma'aikaciyar ta ga layukan, Malama ta ce kuskurenmu ne mun cire. Ta buga hatimi, ta ce akwai mako guda in da ƙari.

Laraba: Gida

Shida muka tashi daga Zuba. Wani direban ne, shinge bakwai, Malama ta dage a duka bakwai, ni kuma hannuna yana kan gwiwa inda take gani. Maganarta da ni daga Abuja zuwa Kano ita ce in miƙo mata ruwa. Biyar da rabi na yamma muka sauka.

Rabi na fara gaya wa. Ta ajiye muciya ta tambaye ni ko ita ba a ɗakinta katangar ta faɗa ba. Ta karɓe tawadar da sababbin takardu, ta zura hijabi. Kwana uku tana shiga gida gida. Mata bakwai sun ce ba ruwansu, ta bar gurbinsu fari. Sauran sun dangwala, har da tsofaffin da mazan suka manta da sunansu, ta kawo ɗari da talatin. Malama ce za ta mayar, ba ni ba.

Ina gode wa 'yan unguwa, da mai masaukinmu na Kubwa, da Allah da ya dawo da mu lafiya. Ina neman gafarar matan da na ari sunansu, da Malama da na cinye wa minti ukunta. Dokar ban san ko za ta fito ba, kwata kuma tana nan yadda kuka san ta. Jiya na ce wa Rabi ta ba ni tawadar na mayar rumfa. Ta ce tana cikin adakarta, makullin yana wuyanta, kuma yatsana ya riga ya yi nasa sau ɗaya.